'Yar Ƙofar Gwaggo Hure

Juma'a, da hantsi

Lailatu ce ta aiko mini da littafin nan daga Abuja, tare da labulaye da wata fitila mai hasken ruwan zuma. Ta ce in riƙa zama kowace safiya ina rubuta abin da ya faranta mini rai, wai yana saukar da hawan jini. Ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin jinya, yau 'yar cikina ce ke rubuta mini magani. To, ga ni na zauna.

Abin da ya faranta mini rai shi ne gidan ya yi kyau. Ba yabon kai ba ne. Tsakar gidan Inna da na sani da ƙasa da kashin kaji, yanzu tayil ne ruwan toka. An yi rumfa, an sa fanka, an shafe bango da fenti ruwan madara. Na jera tukwanen furanni, na shimfiɗa kafet mai laushi, na ajiye kujerata a jikin katangar yamma inda inuwa ke daɗewa. Ko gawayi na daina hurawa, don Lailatu ta haɗo da kaskon turare na lantarki. Ka zuba turare ka danna, gida ya ɗauki ƙamshi, babu toka babu hayaƙi.

Sai kuma shiru. Allah ya sani na nemi shirun nan. Wanda ya yi rayuwarsa a ɗakin haihuwa, tsakanin ihun masu naƙuda da kukan jarirai, ba za a ga laifinsa ba idan ya ce a tsufansa yana son ya ji motsin ganye.

Gwaggo Hure tana asibiti tun shekaranjiya. Ba wannan aka ce in rubuta ba.

Juma'a, bayan la'asar

Sabuwa, surukar Gwaggo, ta kira. Ina alwala. Da na idar da salla ma ban kira ta ba.

Asabar, da safe

Bari in rubuta maganar ƙofar sau ɗaya in huta.

Gidanmu da na su Gwaggo Hure a nan Ƙofar 'Yandaka baya da baya suke. Katanga ɗaya ce tsakani, amma ƙofarsu tana wani lungu daban. In za ka je ta waje sai ka fita titi, ka wuce masu kayan miya da injin markaɗe, ka tsallake kwata, sannan ka sake shigowa. A shekara ɗaya aka kawo Inna da Gwaggo suna amare, a lokacin da mace ba ta leƙa waje da rana. Babana da Malam Sada, mijin Gwaggo, suka ga matan nan sun dame su da hira ta saman katanga, suka fasa musu 'yar ƙofa. Sai an sunkuya ake shiga. Ta nan gishiri ya bi, ta nan daddawa ta bi, ta nan labarin haihuwa da na mutuwa suka bi. Ni kaina ta nan aka riƙa miƙa ni Gwaggo tana goya ni, shekarar da Inna ta kwanta ciwo.

Kullum da safe Gwaggo kan shigo da kaskonta ɗibar garwashi. Ba don babu ashana a gidanta ba, Sabuwa ma da gas take girki. Al'ada ce kawai ta zame musu. Ta sunkuyo ta ce, "Mairo, kin tashi?" Inna ta ce, "A'a, ina kwance," su yi dariya. Dariyar nan ɗaya suka yi ta yi har suka tsufa.

Inna ta rasu shekara biyu ke nan. Ni kuma na yi ritaya, maigidana ya riga mu gidan gaskiya, na dawo gidan da aka haife ni. Gwaggo ba ta fasa ba. Kowace safiya ga ta da kasko, "Mairo, kin tashi?" Wata rana ta gane ni ce, ta ce, "Au, Baratu ce," ta share hawaye. Wata rana kuma haka za ta zauna har azahar tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun ina firamare, tana tambaya ko na je sunan jikokinsu. Na san sunan abin a littafi. Na sha ganinsa a tsofaffi.

Kuma ba ita kaɗai take shigowa ba. Kajinta na biye. Akuyarta ta cinye mini furen farko da na saya. Ga ruwan goro a gindin bango. Ga kaina yana sarawa.

Da Malam Badamasi magini ya zo aikin, na ce masa katangar yamma ta jiƙe, a gyara ta gaba ɗaya. Ya ce, "Hajiya, har ƙohwar?" Na ce har ita. Sabuwa kuma na ce mata za a ɗan yi gyara. Ban yi ƙarya ba, gyara aka yi.

Kujerar da nake zaune a kai yanzu, daidai wurin take.

Lahadi, bayan azahar

Na dama kunun gyaɗa na zuba a filas, na sa hijabi, na kai har zaure. Sai na tuna yau Lahadi, asibiti cike yake da 'yan dubiya, mara lafiya ba ya samun hutu. Ni na sha korar mutane saboda haka. Na dawo na shanye kunun.

Lailatu ta kira ta bidiyo, ta ce in zagaya da ita. Na nuna mata labulaye, na nuna mata fitila. Ta yi ta "Kai Umma, kamar a hotal!" Da na zo kan katangar yamma na wuce da sauri, amma yarinyar nan idonta kamar na ubanta.

"Umma, mi ya hwaru? Muryarki ba daidai take ba."

Na gaya mata kaɗan.

Ta ce, "Allah ya ba ta lahiya. Amma Umma gidanki ne hwa. Likita ya ce ki huta. Ba ke kika tura ta ba."

Ban ce na tura ta ba. Ban san wa ya kawo maganar turawa ba.

Litinin, da asuba

An kwana ana ruwa. Tayil bai riƙe ko ɗigo ba, Badamasi ya iya aiki. Kwatar bakin titi kuwa yau sai ta kawo iya gwiwa.

Talata, bayan magariba

Na je.

Tun daga ƙofa yaran da na horar suka taso, "Sista! Sista Bara'atu! Ina hutu? Ina gajiya? Kin yi fes!" Na yi ta amsawa kamar wadda ta zo karɓar lambar yabo. Ɗaya ta miƙo mini hoton ƙashi ba tare da na tambaya ba. Ƙashin ƙugu ne, na hagu. Na ɗaga shi a hasken taga, na mayar mata. Na san abin da wannan karaya ke yi wa mai shekarun Gwaggo, ita ma ta san na sani.

Gwaggo tana barci, an sa mata ƙarin ruwa. Ta ƙanƙance. Da hannun nan ta riƙa tsefe mini kai tana dungurina in na motsa.

Rabe, ɗanta, ya tashi ya ba ni kujera. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, ni ce babba. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya Lailatu da maigidanta, ya hutu. Bai rage komai ba. Da ya rage ma da ya fi mini sauƙi.

Matarsa Sabuwa ce ta raka ni waje. Ita ba ta iya ɓoye abu.

"Yaya, tun da anka toshe wurin nan kullum sai ta je ta tsaya tana shahwa bango. In lallashe ta in ce ana gyara. Ran Laraba na hita da wuri, muna da taro a ofis, Baban Khalifa ya riga ya tahi shago. Ashe da ta gaji sai ta buɗe ƙohwar gida ta hita. Ita da ta shekara nawa ba ta taka titi ba."

Na ce, "Ina za ta?"

Ta dube ni. "Wani mai babur ne ya ishe ta cikin kwata, can gaban masu markaɗe. Ta ci rabin hanya, Yaya. Da kaskonta a hannu, ko da anka ɗago ta ba ta sake shi ba."

Na ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ne. Bakina ya san abin da ake faɗa. Filas ɗin ma sai da na hau napep na ga yana hannuna, ban ba su ba.

Laraba, da hantsi

Yau mako guda.

Abin da ya faranta mini rai: furen da ke tukunyar tsakiya ya buɗe.

Fankar rumfar nan tana da lamba ɗaya zuwa biyar. Ni a biyu nake barinta, saboda sanyi yana taɓa mini kafaɗa. Wancan makon da hantsi na kai ta biyar. Ba zafi ake ba, hadari ne ma a gabas.

Ƙarar kasko a jikin bulo ba ta kama da komai. Ba ƙarfi gare ta ba, ƙwas, ƙwas, sai a tsaya, sai a sake. Kuma ba ni ake kira ba, sunana ba Mairo ba ne. Haka na ce wa kaina. Na ce za ta gaji, kullum tana gajiya, Sabuwa za ta zo ta janye ta. Na gyara filo a bayana, na lumshe ido, turare yana tashi.

Da aka daina, daɗi na ji. Wannan shi ne abin da ba na iya haɗiyewa. Daɗi na ji.

Alhamis, bayan azahar

An yi mata aiki. Ta farfaɗo. Alhamdu lillahi.

Na kashe fankar. Zafi ya fi mini.

Asabar, bayan la'asar

Kwana biyu ina zuwa da safe in karɓi Sabuwa ta je ofis. Aikin hannuna bai manta ni ba, juyawa, gogewa, duba baya kada ya yi gyambo. Gwaggo tana kallona da ladabi irin wanda ake yi wa ma'aikata. "Sannu malama, Allah ya biya." Ban gyara mata ba. Na ce maganin barci ne bai sake ta ba.

Yau na ji Rabe yana waya a baranda da ƙanwarsa Suwaiba. In an sallame ta, Kambarawa za a wuce da ita, gidan Suwaibar. Can akwai mai aiki, akwai get da makulli. Gida kuwa da rana babu kowa.

Na san abin da ke biyo bayan wannan. Tsoho mai irin ruɗewar nan in ka raba shi da ɗakinsa, da gadonsa, da hanyar da ƙafarsa ta haddace zuwa bayi, ka gama da shi. Gwaggo ba ta taɓa kwana wata guda a wani gida ba tun da aka kawo ta.

Na tare shi. Na ce, "Rabe, a mai da ta ɗakinta. Ni zan riƙa zama da ita da rana. Aikina ne, kuma ba ni da wani."

Ya ce, "Yaya, zagayen da nisa. In abu ya taso hwa?"

Na ce, "Zan buɗe ƙofar. In kun yarda."

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur a hannu. Rabe ba mai faɗa ba ne, tun yana yaro in an cuce shi sai ya je bayan randa ya zauna.

"Yaya, da za a toshe ba a tambaye mu ba. Yanzu mi za mu ce?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ma ƙara da cewa in yi haƙuri. Ni ya ba haƙuri.

Daga baya ya ce zai yi magana da Suwaiba. A gwada, in ba ta natsu ba a kai ta Kambarawa.

Lahadi, da safe

Na gaya wa Lailatu. Ta ce, "Umma fentin ko wata biyu bai yi ba! Kuma kajin nan za su dawo. Ke kika ce kanki na sarawa." Na ce har yanzu yana sarawa, babu kaza ko ɗaya. Ta ce ina dai sa wa kaina damuwa. Na ce ta gaida maigidanta.

Ba laifinta ba ne. Ita hoto ta riƙa turo mini a waya, na ɗakunan da ko inuwar mutum babu a ciki. Ni ce na san wanda ke shigowa gidan nan.

Talata, bayan azahar

Badamasi yana wani aiki a bayan gari, sai gobe. Na tambaye shi ƙyauren ƙofar, na katako mai ƙusoshi da babana ya sa aka sassaƙa. Ya ce ai ni na ce ya tafi da shi. Mai ƙosan unguwarsu ta yi wuta da shi.

Haka ne. Ni na ce.

Laraba, bayan la'asar

An fasa.

Badamasi ya ce in naɗe kafet in janye tukwane. Na janye kujera kawai, na ce ya buga. Guduma ta farko fenti ya tsage kamar ɓawon ƙwai. Aikin da ya ɗauke shi wuni biyu, kafin azahar ya zube. Ƙura ta hau labulaye, ta hau fitilar Lailatu, wani ɓallin bulo ya fasa tayil biyu. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba.

Da rami ya buɗe na sunkuya na leƙa. Ga tsakar gidansu yadda na san shi, igiyar shanya, turmi a kife, akuya tana kallona kamar ta san ni ce. Ta ɓangarensu ba a yi wa bulon shafe ba, ashe ni kaɗai na ga ruwan madara. Su abin da suke gani kullum ɗanyen bulo ne a inda ƙofa take. A ɓallukan da suka faɗa can na ga baƙin gawayi, tabo-tabo, daidai tsayin ƙirjin tsohuwa.

Na ce wa Badamasi ya kwashe waɗannan da farko.

Tun da babu ƙyaure, na ciro labule ɗaya na falo na rataya. Kafin magariba kaza ta shigo, ta zagaya tayil tana zamewa, ta yi abin da ta saba a tsakiyar kafet. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga nan dariyar ta zama wani abu.

Juma'a, da asuba

Yau za a sallame ta. Na sayo gawayi. Na manta yadda hura wuta ke sa hawaye.

Juma'a, bayan la'asar

An kawo ta da hantsi a keken marasa lafiya. Ta ga ɗakinta ta gane shi. Ta shafa gadon ƙarfenta, ta tambayi ina akuya, ta ce wa ya taɓa mata kwalla. Sabuwa ta dube ni, na dube ta, muka ji sanyi. Rabe har ya yi murmushi.

Da ta huta ta ci abinci, sai ta fara waige-waige. "Ina kaskona? Ban ɗebo wuta ba yau."

Abin da nake jira ke nan. Na riga na hura garwashi ya yi ja, na ajiye a tsakar gida. Na ce, "Gwaggo, an buɗe ƙofa. Zo mu je."

Keken bai shiga ba, ƙofar ta yi masa kaɗan. Rabe ya ɗauke ta cak kamar yarinya, ya sunkuya ya shigo da ita, ya zaunar da ita a kujerata mai laushi. Kaskon yana cinyarta.

Ta dubi tayil. Ta dubi rumfa da fanka. Ta dubi kusurwar da randar Inna take a da, inda na sa tukwanen furanni. Ta dubi inda bishiyar lalle take, wadda suka shuka tare, wadda na sa aka sare saboda tana zubar da ganye. Ta daɗe tana kallon wurin. Sai na ga ta gyara mayafinta, ta janye ƙafafunta daga kan kafet kada ta ɓata.

Ta ce mini, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, mun shigo maki gida ba sallama. Ɓatan kai munka yi. Gidan ƙawata nike nema."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Gwaggo, nan ne. Ni ce Baratu, ɗiyar Mairo. Ga wuta na hura maki."

Ta yi murmushi irin na wanda ba ya son ya kunyata mutum. "Allah sarki. Gidanki ya yi kyau, tubarkalla. Amma wanga ba gidan Mairo ba ne." Ta juya ga Rabe, murya ƙasa-ƙasa. "Kai, tashi mu tahi. Gidan manya ne, kada mai gidan ya dawo ya ishe mu."

Ya ɗauke ta. Garwashin ya cinye kansa a inda na ajiye shi.

Lahadi, bayan azahar

Na buɗe sito na fito da komai. Randar Inna, turminta, tabarmar kaba da ɓera ya ci gefe, kujerar tsuguno. Na naɗe kafet, na kwashe furanni na kai zaure, na sa randa a kusurwarta na cika ta da ruwa. A kan tayil ta ƙi zama, sai da na tokare ta da ɓallin bulo. Na tsaya daga bakin ƙofa na duba da idon Gwaggo. Kamar kayan da aka jera don 'yan makaranta su zo kallo.

Duk da haka na roƙi Rabe ya sake shigo da ita. Wannan karon ba ta yi ladabi ba. Ta ga randar ta gane ta, ta rikice, tana cewa an sace kayan Mairo an kawo gidan wasu, a kira mai unguwa. Da ƙyar aka kwantar da ita.

Sabuwa ta biyo ni har bakin labule. "Yaya, don Allah a bar shi haka nan. Kin yi iya yinki."

Na yi iya yina. Ƙasar tsakar gida tana ƙarƙashin siminti, lalle kuma ko yau na shuka ba zai yi inuwa a idonta ba.

Talata, da hantsi

Lailatu ta tambaya ko ina rubuta abubuwan farin ciki. Na ce ina rubutu.

Alhamis, bayan azahar

Suwaiba ta zo jiya daga Kambarawa, ta ga uwarta tana ci tana barci a ɗakinta, bayanta babu gyambo. Suka yi shawara da Rabe, an bar ta a gida. Na samu abin da na roƙa.

Yanzu ni ke sunkuyawa. Da safe in hura gawayi, in zuba garwashi a kasko, in bi ta 'yar ƙofa in kai mata. Can nake wuni, a kan tabarma, tsakanin kaji da akuyar da har yanzu ba ma shiri. Kujerata mai laushi tana rumfa ta yi ƙura. Gwaggo ta saba da ni. Tana kirana malamar asibiti, ta ce ina da hannu mai sanyi, ta ce Allah ya ba ni miji nagari.

Yau na fito da ita tsakar gida shan hantsi. Na juya keken yadda rana ba za ta dake ta a ido ba, sai ya zama ta ba katangar baya. Na ajiye mata kaskon a gabanta, ta miƙa tafin hannu tana jin ɗumi.

Ta ce, "Malama, wutar ga daga ina?"

Na ce, "Daga maƙwabta."

Ta gyaɗa kai. Ta lumshe ido har na ɗauka gyangyaɗi take. Sai ta kamo hannuna ta jawo ni kusa, kamar mai tsoron kada kaji su ji.

"Ke da kike yawo cikin gari, kin san Mairo? Ta nan bayanmu?"

Na ce na san ta.

"Ta toshe ƙohwa. Ban san mi na yi mata ba. Na yi ta tunani, ko akuyata ce, ko surutuna ne ya ishe ta. Na buga, na buga, tana ciki, ina jin ƙamshin turarenta." Ta matse mini yatsu. "In kin gan ta ki ce mata ni ban yi hushi ba. In laihi na yi ta yahe mani. Ta buɗe dai, ko gaisawa mu yi."

Iska ta taso, labulen falona yana kaɗawa a bakin ƙofar, taku uku a bayanta.

Na ce, "Zan gaya mata, Gwaggo."

Ta ce, "Yauwa. Kada ki manta."